Rufin asiri, arzikin mai ƙaramin samu

Duk wanda ya saba ratsa babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko ya taɓa jiran mota a tashar Tawa da sassafe, ya san addu'ar da ta fi yawa a bakin jama'a. Ɗan garuwa na yin ta, tela na yin ta, Alhajin da ke da shaguna uku ma na yin ta: «Allah ya rufa asiri.» Ba kasafai ake jin mutum yana roƙon miliyoyi a bainar jama'a ba. Abin da yake roƙo shi ne kada ranar ta zo da maƙwabci zai gane tukunyar gidansa ba ta hau murhu ba, kada mai bin bashi ya tsaya masa a ƙofar gida yana ɗaga murya, kada ciwo ya kama yaro takardar magani ta kwana uku cikin aljihu ba a saya ba. A ƙasar da mafi yawan magidanta ke rayuwa da ƙaramin samu, ya cancanci a tsaya a duba yadda ake samun wannan rufin asiri, da kuma yadda mutum ke zubar da shi da hannunsa.

A fara da lissafi, don shi ba ya jin kunyar kowa. Daga shekarar 2012, albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya ma'aikaci a Nijar shi ne sefa 30.047 a wata, wato kusan jika guda a rana. A watan Janairu na 2024 aka ɗaga shi zuwa jika 42. In an raba jika 42 ga kwana 30, kowace rana ta tashi da jika guda da dala 80. Cikin wannan ne za a fidda cefane, da kuɗin haya, da ruwa, da wuta, da sabulu, da kayan lakwal na yara, da goron gaisuwar surukai. Kuma wannan lissafi na mai takardar aiki ne. Manomi, da mai tebur, da ɗan kabu-kabu, da mai wankau, da tsohuwa mai tuyar ƙosai, su ba su da ƙarshen wata. Abin da rana ta kawo shi ne albashinsu. Babu mai hankalin da zai ce wannan samu ya wadatar. Amma duk da haka, a unguwa ɗaya, a layi ɗaya, sai a tarar da gida biyu masu samu iri ɗaya, ɗaya ana kwana cikinsa da kwanciyar hankali, maigidan na fita da kansa a sama, ɗaya kuwa kullum cikin ɓuya da kame-kame. Tun da aljihun ɗaya ne, dole a nemi bambancin a wani wuri.

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 sun ga wannan bambanci da idonsu. Tun cikin shekarun 1980 kasuwar uraniyom ta faɗi, baitulmalin gwamnati ya rame. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka shiga lokacin da ma'aikacin gwamnati kan yi wata da watanni bai ga albashinsa ba, ƙungiyar ƙwadago ta USTN na kiran yajin aiki bayan yajin aiki. Ana cikin haka, ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari an karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran guda na Faransa da ake canzawa dala 10 ya koma dala 20. Duk abin da ke shigowa daga ƙetare, magani ne, littafi ne, ko kayan gyaran moto, ya yi tsalle. Ma'aikacin da jiya ake nuna shi da yatsa ana cewa ya huta, yau shi ne abin tausayi a unguwa.

Kowace unguwa ta san irin mutum biyu da wannan zamani ya rarrabe. Na farko ya gina rayuwarsa bisa abin da ido ke gani: shadda mai maiƙo, moto na bashi, cefane duka a littafin mai kanti, da alkawarin za a biya ƙarshen wata. Da ƙarshen wata ya daina zuwa, sai aka riƙa jin irin wannan magana a bakin kanti:

«Mushe, littafin nan fa ya cika.»

«Alhaji, a ƙara haƙuri, an ce wata mai kamawa za a biya.»

«To Mushe, ni ma masu kaya ba su san wata mai kamawa ba.»

Mutumin da ɗari na yara ke durƙusa masa a lakwal, ga shi yana murza hula gaban kanti, yaran unguwa na kallo. Na biyu kuwa, tun lokacin da albashi ke zuwa kan kari bai saki gonar gado ba. Kowace damina yana aika kuɗin noma ƙauye, ko ya je da kansa lokacin hutu. Da kaka a kawo masa buhun hatsi biyu ko uku da ɗan wake. Akwai awaki a bayan ɗaki, uwargida na matsar man gyaɗa tana sayar da ƙuli-ƙuli. Shi ma ya sha wuya, tuwo ya koma sau ɗaya a rana, nama ya zama baƙo. Amma babu wanda ya ji sirrin gidansa a bakin titi. Abokan aikinsa da suka riƙa yi masa dariyar ƙauyanci sun dawo suna neman tiya biyu ta hatsi a wurinsa da duhun magariba. A nan ne maganar magabata ta fito fili, cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

In aka bi diddigin inda asirin mai ƙaramin samu ke tonuwa, sau da yawa za a tarar ba ciki ne ya tona shi ba, idon mutane ne. Ciki ana lallashinsa da tuwo da miyar kuka, ko dambu da zogale, ya kwanta. Idon mutane kuwa ba ya ƙoshi. Aure ya taso, sai a ce akwatunan lefe su kai na ɗiyar wane, gado da kujeru su fi na maƙwabta, a fitar da anko kala biyu, wanda kowace ƙawa da ƴar uwa dole ta saya ko a ce ta raina buki. Haihuwa ta zo, suna ya zama gasa. Ga kuma al'adar biki tsakanin mata, wadda asalinta taimakon juna ne: wadda ta kawo miki jika guda ranar sunanki, ke sai ki mayar mata da jika biyu ranar nata, ita kuma ta sake ninkawa, har abin ya kai inda mace za ta sayar da akuyarta, ko ta jinginar da zanenta, don kada a yi da ita cikin taro. Zumunci ne ya koma bashi mai riba, kowa na kuka da shi a ɗaka, kowa na tsoron ya zama na farkon da zai ce ya isa.

Babbar Salla ma haka. A biranen ƙasar nan an saba jera raguna a ƙofar gida, a tsire su jikin itace kewaye da wuta tun hantsi har dare, kowa na wucewa yana ƙirgawa. Don wannan ƙirga ne magidanci mai jika 42 a wata zai ɗauko rago na albashin wata uku bashi, ya yi kwana biyu yana amsa barka, sannan ya yi wata shida yana canza hanya. Alhali kuwa malamai ba su gaji da bayani ba cewa layya na kan mai hali ne, wanda kuɗin dabbar ba zai taɓa bukatun gidansa ba. Addini ya sauƙaƙa masa, shi ya ƙi sauƙin don tsoron bakin unguwa.

A ƙauye siffar ta bambanta, ciwon ɗaya ne. Da kaka hatsi ya yi araha, a lokacin ne kuma ake ɗaura aure ana bukukuwa. Manomi ya buɗe rumbu ya sayar da damma a farashi mafi ƙasƙanci na shekara don ya fita kunyar buki. Da bazara ta wuce, damina ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma wurin ɗan kasuwar da ya saya masa, ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya karɓi bashin da zai biya da damma in kaka ta zo. Ta haka gonar tasa ce, gumin nasa ne, amma amfanin ya riga ya zama na wani tun yana tsaye a kara.

Ba a ce bashi haram ne ga talaka ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya ci bashi don ya kai matarsa asibiti, ko ya sayi iri, ko ya ƙara jari, ya yi abin da ya kamata, kuma mai mutunci ne muddin yana biya. Bashin gasa shi ne mai cin mutum. Shi ke sa magidanci ya kashe salularsa in ya ga wata lamba, ya koya wa ɗansa cewa «Baba ba ya nan» alhali yana cikin ɗaki, ya yi dariya ga maganar da ba ta da ban dariya don mai faɗinta na bin sa kuɗi. Shi ke sa ma'aikacin buro ya fara duban hannun mai neman takarda kafin ya dubi takardar. Shi ke sa lokacin zaɓe a sayi ƙuri'ar gida guda da turmin atamfa da sandar sabulu. Mutumin da ya jinginar da gobensa ba ya iya cewa a'a ga kowa, kuma wanda ba ya iya cewa a'a, mutuncinsa na hannun wasu.

To, mene ne masu rufin asiri ke yi wanda sauran ba su yi? Ba wani sirri ba ne mai wuyar ganewa. Da farko dai suna faɗa wa iyalinsu gaskiya. Magidanta da yawa na ɓoye wa matansu abin da suke samu, suna ganin girma ne. Sakamakon shi ne uwargida na auna bukatunta da albashin da babu shi, maigida na ganin ta cika roƙo, gida ya rikice. Inda aka zauna aka ce «Ga abin da ke akwai, yaya za a yi da shi?», mace kan fi namiji iya jan tiya guda ta kai inda ba a zata ba. Na biyu, suna saye a lokacin araha: hatsi da kaka, albasa da tumatirin shanya lokacin da suka cika kasuwa, ɗan tinkiya tun watanni kafin Salla, a kiwata shi da dusa da harawa. Na uku, sun iya kalmar nan mai nauyi a baki, «ba ni da hali», kuma suna faɗinta da wuri, da sakin fuska, kafin a sa rai da su. Mai faɗin haka kan ji kunyar minti ɗaya. Mai alkawarin ƙarya kan ji ta shekara. Sannan ba su yanke zumunci don rashin kuɗi ba. Zumunci a ƙafa yake. Wadda ba ta da jika biyar ta biki ta zo tun asuba ta kama daka da wanke-wanke, wanda ba shi da kuɗin gudummawa ya kafa rumfa ya shimfiɗa tabarmi, ya tsaya har a watse. Masu buki na mantawa da wanda ya ba da kuɗi kafin su manta da wanda ya tsaya musu.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko dala: tsabta da cika alkawari. Riga ɗaya wankakkiya, mai gyararren ɗinki, ta fi shadda uku na bashi kwarjini. Telan da ya ce ranar Laraba kuma aka samu ɗinki ranar Laraba, ɗan kabu-kabun da ya maido canjin da aka manta, mai gadin da aka bar wa gida wata guda aka tarar da allura a inda aka ajiye ta, waɗannan suna da wani jari da ba a ajiye shi a banki. Ranar da suka shiga matsala, unguwa ce ke tashi, don kowa ya san abin da aka ba su zai dawo.

Kada mai karatu ya ɗauka wadar zuci ita ce naɗe hannu a ce haka Allah ya so. Matan jihar Maraɗi sun ba da amsar wannan tun 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara aiki da su kan tsarin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashen da mata suka gada ne, aka yi masa gyara. Mata kamar ashirin ko talatin su haɗu, kowane mako kowace ta zuba ɗan abin da aka yi yarjejeniya a kai, ko da dala biyar ce, cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo wanda ba a buɗewa sai gaban kowa. Mai bukata ta ranci kuɗi daga ciki ta ja jari, ta maido da ɗan ƙari. In zagaye ya cika a raba uwa da riba. Babu kuɗin wani attajiri a ciki, babu na gwamnati. Daga ƙauyukan Maraɗi wannan dubara ta bazu cikin Nijar, ta ƙetara zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Macen da a da sai ta durƙusa gaban mai kuɗi kafin ta samu na sayen gyaɗar matsa, yanzu tana ranta daga akwatin da guminta ke ciki, a gaban ƙawayenta, ba tare da sunkuyar da kai ba.

Manoma ma sun yi irin tasu. Bayan yunwar 1984, a ƙasar Maraɗi aka fara yaɗa abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututturen itace a gona, sai a zaɓi masu ƙarfi a gyara su, a bar su su girma. Ba a sayi iri ba, ba a haƙa rijiya ba. Wuƙa ce da haƙuri. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan eka mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, inda gawo ya sake cika gonaki yana ba ƙasa taki, dabbobi abinci, mata itacen girki. Arzikin yana ƙarƙashin ƙafar talaka tun da can, jira yake a daina raina shi. Mai wadar zuci na gaskiya haka yake: ba ya ɓata dare yana ƙirga abin da ke hannun wani, don yana da aikin yi a kan abin da ke hannunsa.

Sai dai akwai iyaka da ya wajaba a shata, don kada wannan magana ta zama sanda a hannun masu cin gumin wasu. Wadar zuci ado ce in mutum ya ɗaura wa kansa. In mai ƙarfi ne ya ɗaura wa na ƙasa da shi don ya rufe masa baki, ta zama takunkumi. Maigidan da ke riƙe albashin mai gadinsa ko na ƴar aikin gidansa wata biyu, in an yi magana ya ce «a yi haƙuri, duniya ba ta da tabbas», ba wa'azi yake yi ba, zalunci yake yi. Ma'aikatan da suka fita yajin aiki a shekarun 1990 suna neman albashin da suka riga suka yi wa aiki ba su rasa wadar zuci ba. Neman haƙƙi cikin mutunci yake. Haka kuma akwai talaucin da ya wuce maganar dubara. A shekarar 2005, lokacin da fari da fara suka haddasa ƙarancin cimaka, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika a Maraɗi da Damagaram, babu mai imanin da zai tsaya gaban uwa mai goyon ɗa ramamme yana yi mata karatun ƙana'a. A irin wannan hali neman taimako ba zubar da girma ba ne, kuma nauyin yana kan hukuma da masu hali.

Wannan ya kawo ɗaya fuskar kalmar. Rufin asiri ba abin da mutum ke yi wa kansa kaɗai ba ne, abu ne da ake yi wa juna. Tsofaffin unguwanni sun san yadda ake aika yarinya da ƙwaryar tuwo gidan maƙwabta bayan magariba, a ce «in ji Inna, a ɗanɗana miya», alhali kowa ya san ba ɗanɗano ba ne, abincin daren gidan ke nan. Sun san mai kantin da ke kiran magidanci gefe ya yi masa maganar bashi a kunne. Sun san Alhajin da ke fidda zakkarsa da dare. Yau kuwa an shiga zamanin da ake ba mabukaci tiyar shinkafa da hannun dama, hannun hagu na riƙe da salula ana ɗaukar hotonsa don a watsa a Facebook da WhatsApp. Wanda aka ciyar ta haka ya ƙoshi yini guda, an kuwa karɓe masa abin da ya fi shinkafar tsada.

Ita wannan salula ta ƙara wa mai ƙaramin samu wani nauyi da iyayensa ba su ɗauka ba. Da, gasar mutum da maƙwabcinsa ce, wanda ya san shi ya san bashinsa. Yanzu yarinya a Tasawa na auna kayan ɗakinta da na amaryar da ba ta taɓa gani ba a Kano ko Dubai, saurayi a Madawa na auna kansa da hoton wani da ya jingina da motar da wataƙila ba tasa ba ce. Ba a ɗaukar hoton littafin bashi. Iyayen da suka bar yaro ya tashi yana jin kunyar sana'ar ubansa, ko yana ɓoye wa abokai gidan da aka haife shi, sun bar masa talaucin da ya fi na aljihu wuyar magani. Yaron da ya ga ubansa ya dawo da gumi ya zauna kan tabarma ya ci tuwonsa yana raha, bai ga ranar da ya ɓuya wa mai sallama ba, ya gaji abin da zai riƙe shi ko ina ya je.

Zamani bai daina gwaji ba. Takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, da rufe iyakoki da yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ya sake nuna yadda farashin shinkafa da magani ke iya tashi cikin ƴan makonni, ba tare da an shawarci mai jika guda a rana ba. Talaka ba shi da iko da darajar sefa, ba shi da iko da iyaka, ba shi da iko da ruwan sama. Abin da ke hannunsa shi ne rumbunsa, da alkawarinsa, da iyakar da ya sa wa idonsa. Salla na tafe kamar kullum, kaka na tafe da bukukuwanta. Kafin a je wurin mai raguna ko mai atamfa, ya kamata maigida da uwargida su zauna su biyu, su buɗe abin da ke akwai, su yanke abin da za a iya, su bar saura. Masu magana za su yi ta kwana biyu su koma kan wani. Allah ya rufa asiri.